Yadda za ka bi sawun kakanka da ya yi sojan igwa a yaƙin Bama

Mu dai a gidanmu tun muna yara abin da munka tashi muna ji shi ne Kaka ya je yaƙin Bama kuma ɗan igwa ne, wai shi ya sa kunnensa na hagu ya toshe, sai ka zagayo ta dama ka ɗaga murya kafin ya ji ka. Iyakar tarihin ke nan. Ni har na shiga sakandare ina zaton Bama ta jihar Borno ake nufi, ina ta mamakin mi ya kai Hitila Borno, ashe ƙasar Bama ce, Myanmar ta yau. Sai da ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, ranar da anka buɗe wata tsohuwar adaka a ɗakin gwaggona nan cikin gari ana neman takardar gona, sai ga wani ɗan littafi da gara ta ci gefensa, da minda uku ƙulle cikin tsumma, da hoto ɗaya ya yi ja don tsufa. Daga nan abin ya kama ni, kuma na yi yawon banza da yawa kafin in gane hanya, shi ya sa na ce bari in rubuta ko wani zai huta da wahalar da na sha.

Abin da zan faɗa maka tun farko don kada ka zo kana jin haushi daga baya: da wuya ƙwarai ka samu wani fayil guda mai sunan kakanka a bango da labarinsa ciki tun daga ɗauka har sallama. Turawa ba su damu da rubuta labarin farabiti baƙar fata ba. Amma igwa kam sun rubuta labarinta, kullum ta Allah, inda ta kwana da inda ta tashi da yawan harsashin da ta ci. To kai igwar za ka bi. In ka gano rukunin da yake, ka gano inda ƙafarsa ta taka.

Fara daga cikin gida, kuma ka fara yau

Kada ka taɓa intanet tukuna. Je wurin tsofaffi, musamman mata, don na lura maza sun fi riƙe labarin jarumta, su kuwa mata su ke riƙe da lokaci: wa ke goye lokacin da ya tafi, wa anka haifa bayan ya dawo, damina nawa anka yi ba shi. Wannan lissafin nasu ya fi kalanda. Ni da na je wurin gwaggo da waya a hannu ina cewa zan ɗauki murya, kallona ta yi ta ce "Kai ɗan nan, mi za ka yi da labarin wanga? Mutum ya tahi ya dawo, Allah ya yi mai rasuwa ga ɗakinai, mi ya rage?" Sai da na ajiye wayar na zauna na ci goronta munka yi ta hirar duniya, ranar ban tambayi komai ba. A zuwa na uku ne da kanta ta ɗauko zancen. Don haka kada ka je kamar ɗan sanda. Kuma kada ka tambaya "a wace shekara ya tafi", ba mai ba ka amsa. Tambayi abin da ke kusa da abin. An riga an naɗa Sarkin Musulmi Abubakar ko ko Hasan ɗan Mu'azu ne ke sarauta? Abubakar na uku dai a 1938 ya hau, ka ga kana da turke. A ina ya shiga jirgin ƙasa? Layin dogo bai taɓa zuwa Sakkwato ba, a Ƙauran Namoda ya tsaya, don haka mutanenmu sai sun kai Ƙaura ko Gusau sannan su kama jirgi zuwa Zariya inda ake horon kurata. Da kansa ya je ko hakimi ne ya ba da shi? Ya iya tuƙin mota da ya dawo? Wace kalma yake yawan faɗi wadda ba Hausa ba? Duk ka rubuta, ko da ka ga kamar shirme ne.

Sannan ka tantance wane yaƙi ne, don a bakin mutanenmu duk tsohon soja yaƙin Bama ya je. Akwai yaƙin duniya na farko, 1914 zuwa 1918, inda sojojin Najeriya sunka yi Kamaru sannan Gabashin Afirka. Akwai na biyu, 1939 zuwa 1945, shi ma ba Bama kaɗai ba ne, wasu Somaliya da Habasha sunka yi a 1940 da 1941 suna faɗa da Italiya, har sunka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, wasu kuma Masar da ƙasashen Larabawa anka kai su aikin lebura na soja. Akwai Kwango bayan samun 'yanci, akwai yaƙin basasa 1967 zuwa 1970. Kai har waɗanda anka kwasa dole zuwa haƙar kuza a Jos lokacin yaƙi, wato diban gwamna, na ji jikokinsu na cewa yaƙin Hitila kakansu ya je. Ba ƙarya sunka yi ba ta wani fanni, amma takardunsu ba wuri ɗaya suke ba.

Lamba ita ce komai

In Allah ya sa akwai takardar sallama ko littafin albashi, ka yi sa'a. Kafin ka yi komai ɗauki hoton kowane shafi da rana a inuwa, har bangon da bayansa, har shafin da ka ga kamar ba komai. Kada ka kai a liƙa mata leda da zafin nan na masu kwafi, tawada na narkewa kuma ba ta sake fita. Sa ta cikin ambulan ka ajiye inda gara da laima ba su kai.

Abin da kake nema shi ne lamba. Sojan Najeriya na yaƙi na biyu lambarsa na farawa da NA, sai layi, sai alƙaluma. In ka ga GC to a Gwalkwas anka ɗauke shi, Gana ta yau, kuma kada wannan ya ba ka mamaki don mutanenmu da yawa fatauci ko cin rani ya kai su Kumasi da Ankara sunka shiga soja daga can. Bayan lamba sai ka duba muƙami, nan ne za ka tabbatar ko da gaske ɗan igwa ne ko cika bakin jikoki ne. Sojan ƙasa ana rubuta masa Pte, shi ne farabiti. Ɗan igwa Gnr ake rubutawa, mai igiya ɗaya L/Bdr, mai igiya biyu wanda a wani wuri za a ce kofur, a igwa Bdr ne. Daga saje zuwa sama kusan duk ɗaya ne. In ka ga WAA to shi ke nan, rundunar igwa ta Afirka ta Yamma ke nan. Bty rukunin igwa ne, kamar kamfani a sojan ƙasa, Regt kuma tarin rukunai. In kuma ka ga Aux Gp, to kakanka cikin masu dakon kaya yake, kuma kada ka ji kunya ko kaɗan, zan zo kansu.

Yanzu matsalar suna, wadda ta ci mini wata kusan huɗu. Akawun da ke ɗaukar soja ba ya tambayar sunan uba mafi yawan lokaci, sunanka da garinku kawai, shi ya sa za ka ga jerin sunaye duk wane Sokoto, wane Argungu, wane Gusau, wane Zuru. Kuma garin ba lallai ainihin ƙauyensu ba ne, mutumin Wurno ko Gwadabawa ko Tambuwal yana iya cewa Sakkwato don ita Bature ya sani. Wasu ƙabila anka sa musu, Gobir ko Zabarma ko Fulani. Ga kuma rubutun Bature: Muhammadu zai iya zama Momadu ko Mamadu ko Momo, Umaru ya zama Omoru, Usman ya zama Osumanu, Gwandu ta zama Gando. Ƙari a kan haka da yawa da gangan sunka canza suna, wani gudun kada iyaye su biyo shi, wani daga ƙasar Faransa ya tsallako ta Ƙonni, wani kuma don a wancan lokacin a garin nan shiga sojan Nasara ba abin alfahari ba ne, mutanen da sunka ga shigowar Turawa Sakkwato a 1903 da yaƙin Satiru a 1906 suna raye lokacin. Kakana sunan da ke littafinsa ba wanda ya taɓa kiransa da shi a gida. Saboda haka in ka je nema, lamba ka riƙe, suna kuwa ka rubuta shi kala biyar ko shida ka gwada duka.

Minda kuma tana magana amma ba da yawa ba. Na yaƙi na biyu waɗanda Ingila ta raba ba a buga suna a jikinsu, don haka kada ka wahalar da ido. Sai dai ƙyallen. Tauraro mai ƙyalle ja a tsakiya, gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo, na Bama ne. Mai ƙyalle ruwan ƙasa da ja a tsakiya na Afirka ne, wanda ya yi Habasha ko Somaliya yana da shi, wanda ya zauna Najeriya kawai ba ya samu. In mutum na da duka biyun to tsohon hannu ne tun farkon yaƙi. Amma in ka ga zagayayyar minda ta azurfa da rubutu a kaurin gefenta, lamba da suna da runduna, riƙe ta da kyau, ko dai ta jarumta ce ko ta yaƙin farko, don na yaƙin farko an buga suna.

Gizo ko gammo

Manyan runduna biyu ne na Afirka ta Yamma sunka je Bama, ta 81 da ta 82, duka a 1943 anka kafa su. Hanya mafi sauƙi ta gane wacce ce taku ita ce tambarin kafaɗa, a hoto ko a bakin tsofaffi. Ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya. Ta 82 mashi biyu ne a gicciye cikin gammo, ee gammon ɗaukar kaya dai da ka sani. Ni da na tambayi gwaggo ko ta taɓa ganin gizo a rigarsa sai ta ce a'a, ita dai ta san wani ƙyalle mai masu da yake ajiyewa cikin hularsa, ka ga ta warware mini rabin aiki ba ta sani ba.

Ta 81 ita ta riga tafiya, a 1943, jirgin ruwa daga Ikko ya zagaya ta ƙasan Afirka har Bombay, kuma a kwarin kogin Kaladan ta yi yawancin faɗanta a 1944, inda ba hanya sai wadda sunka sare da adda, abinci da harsashi daga jirgin sama ake jefo musu. Birged ɗinta ta 3, bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na Najeriya, an cire ta an haɗa da rundunar Chindit ta Janar Wingate masu shiga bayan Japanawa. Ta 82 ta isa Indiya a 1944, ta shiga fagen daga ƙarshen shekarar ta wajen Buthidaung, rundunonin biyu sunka haɗu a Myohaung a Janairun 1945, daga nan ta 82 ta ci gaba kudu. Yankin duka sunansa Arakan, shi ne jihar Rakhine ta ƙasar Myanmar a yau, wato dai ƙasar Musulmin Rohingya da muke ji a labarai, can kakanninmu sunka yi ta ja da ruwan sama da sauro. Kuma sunayen wuraren ba baƙi ba ne in ka san barikokin ƙasar nan: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Myohaung da Arakan da An da Tamandu da Dodan a Ikko. Duk daga can anka kwaso su. In tsoho ya taɓa ambatar ɗaya daga ciki, ka tambaya da kyau bariki yake nufi ko ainihin wurin.

Ta fannin igwa, ta 81 na da 101 Light Regiment da 41 Mortar Regiment, ta 82 na da 102 Light Regiment da 42 Mortar Regiment, kowace kuma da rukunin masu harbin tankar yaƙi. Na bar sunayen yadda suke da Turanci don haka za ka buga su in ka zo nema. Igwar da Light Regiment ke aiki da ita ƙarama ce ta hawan dutse, bakinta inci 3.7, harsashinta kusan kilo 9, ana kwance ta gunduwa-gunduwa. Sojan Indiya alfadarai ke ɗaukar musu, namu kuwa inda hanya ta yi jif ta ja, inda ba hanya sai kai. Nan ne masu dakon nan ke shigowa, sojoji ne cikakku masu lamba da albashi, yawancinsu ba bindiga sai adda, su ke ɗauke da harsashi da abinci da masu rauni su hau tsauni su tsallake rafi, kuma ba don su ba ko igwa ɗaya ba ta isa inda za ta yi magana. Akwai kuma wasu 'yan igwar daban masu kakkaɓo jirgin sama, waɗanda anka kai gadin tashoshin ruwa da filayen jirgi, a takarda za ka ga HAA ko LAA. Irin su za su iya cewa sun je Indiya amma ba su shiga daji ba, kuma gaskiya ne.

Yanzu ka iya buɗe intanet

In bai dawo ba, wuri na farko shi ne shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe rainon Ingila, CWGC. Kyauta ne, kuma ana iya nema da lamba, wanda ya fi nema da suna nesa ba kusa ba. Wanda ba a san kabarinsa ba a Bama sunansa zai iya kasancewa a bangon tunawa na Rangoon da ke maƙabartar Taukkyan, sunaye kusan 27,000 ne a wurin. Waɗanda sunka rasu a asibiti ko a hanya za ka iya samunsu a Chittagong ko Maynamati, duka a Bangaladash ta yau. Waɗanda sunka rasu a gida akwai bangon tunawa a maƙabartar soja ta Abuja. In ba ka gan shi ba kada ka yanke cewa ƙarya anka yi maka, hukumar da kanta a 2021 ta fito ta amsa cewa dubban 'yan Afirka, musamman na yaƙin farko, ba a rubuta sunayensu kamar na Turawa ba.

To ga inda naman yake. Kowace runduna a lokacin yaƙi dole ne ta riƙa rubuta littafin kullum, wani hafsa ke cikawa, kwanan wata da wuri da awa da abin da ya faru, a ƙarshen wata a tura sama. Waɗannan littattafan suna gidan ajiyar takardun tarihi na Ingila da ke unguwar Kew a Landan. Na Indiya da Bama suna cikin jerin WO 172, na lokacin da runduna ke nan Afirka ta Yamma WO 173, na Habasha da Somaliya ka duba WO 169, na yaƙin farko WO 95. Kundin nemansu sunansa Discovery, kyauta ne ko a waya yana buɗewa. Ka buga sunan rukunin da West African Artillery, in bai fito ba ka rage kalmomi, ka gwada W.A. kawai da lambar rukunin, don masu jerawa ba su bi salo ɗaya ba. Kowace shekara fayil ɗinta daban, don haka mutum ɗaya zai iya buƙatar uku ko huɗu. Kwafe lambar fayil ɗin daidai, WO 172 layi da alƙaluman da ke biye, ita ce adireshinsa.

Yawancin na yaƙi na biyu ba a ɗora su a intanet ba, sai an je ko an biya a kwafo. Suna kwafowa su turo amma kuɗin da fam ne, kuma da canjin yau fayil mai kauri zai iya cinye maka albashi. Abin da na yi shi ne na lallaɓi wani yaron unguwarmu da ke karatu can, ya yanki katin shiga, katin kyauta ne in kana da shaida, kuma suna barin mutum ya ɗauki hoto da wayarsa. Na ce masa kada ya zaɓa, ya ɗauki komai har takardun da anka maƙala a baya, kuma wannan shi ne muhimmin umurnin da za ka ba duk wanda ka aika. Cikin ainihin littafin sunayen hafsoshi Turawa ne za ka yi ta gani, namu sai dai a ce mutum kaza sun ji rauni, mutum kaza zazzaɓi ya kwantar, da harufan AOR, ma'ana ƙananan sojoji 'yan Afirka. Ranar da na fara karantawa raina ya ɓaci wallahi, a ce mutum ya ɗauki ƙarfe a ka daga wannan tsauni zuwa wancan amma a takarda shi alƙalami ne kawai. Amma a 'yan takardun baya ne akan dace da jerin waɗanda anka ƙara ma igiya, ko waɗanda anka kai asibiti, ko waɗanda anka tura kwas, da lambobinsu. Allura cikin ruwa ce, mai rabo ka ɗauka. Ko ba ka dace ba, ka riga ka samu abin da ya fi: ranar da sunka hau jirgi, inda sunka yi sansani, ranar da sunka fara harbi, ranar da ruwa ya hana su motsi. Ka samu taswira ka riƙa ɗiga alama, ka tuna Myohaung yanzu Mrauk-U ake rubuta ta, Akyab kuma Sittwe. Kuma ka nemi littafin Regiment da na Battery duka biyun in akwai, na ƙaramin rukuni ya fi kusa da ƙasa.

In ana cewa an ba shi lambar jarumta, jerin WO 373 ne, shi kam yana intanet ana saukewa, kuma nan ne kaɗai za ka ga Bature ya zauna ya rubuta abin da baƙin soja ya yi da sunansa da lambarsa. Ka haɗa da jaridar gwamnatinsu London Gazette, ita ma kyauta. Gidan tarihin yaƙi na Landan, IWM, na da hotunan sojojinmu a shafinsu, ka duba ko don ka ga igwar da idonka, amma kada ka ga mai kama da ku ka ce shi ne, da hular nan mai faɗi kowa kama da kowa yake. Shafukan nan masu cewa ka sa katin banki su nemo maka kakanka kuwa, ni ban ga abin da sunka ƙare ni da shi ba, kayansu na Turawa ne.

Na gida

Kaduna ba makawa. Gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa reshen Kaduna shi ke riƙe da fayilolin Lardin Sakkwato, sunan jerin SOKPROF, kuma ka tuna lardin a lokacin ya haɗa Kabi da Zamfara na yau, don haka mutumin Argungu ko Yawuri ko Gusau ma nan zai duba. Akwai kuma SNP na ofishin sakataren lardunan Arewa. Ka nemi fayilolin ɗaukar soja, da na tsofaffin sojoji da sama musu aiki bayan yaƙi, da na fansho da koke-koke. Da yawa da sunka dawo a 1946 ɗan doka sunka zama ko masinja ko direban En'e ko maigadi, kuma wanda ya rubuta takardar neman aiki ko koken kuɗinsa dole ya sa lambarsa da rundunarsa, ka ga ta bayan gida ka shigo. Kana Kaduna ka leƙa Gidan Arewa, ka tambayi tsofaffin jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo, a 1939 ta fara fita kuma ta bi labarin yaƙin da Hausa, karanta ta zai nuna maka abin da mutanen gida ke ji lokacin da nasu ke can. A nan gida akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, da sashen tarihi na jami'ar Ɗanfodiyo, ka tambayi ko wani ɗalibi ya taɓa yin bincike kan tsofaffin sojojin gundumarku, don irin waɗannan kundayen sukan ƙunshi hira da mutanen da yanzu duk sun rasu. Sai ofishin 'yan mazan jiya na jiha, waɗanda ke ciki yanzu na yaƙin basasa ne da bayansa amma sun san gidaje, suna iya ce maka je ƙofar wane ɗan wane, ubansa tare sunka dawo. Ofishin ajiyar bayanan sojan ƙasa kuma yana Lakwaja, ka rubuta takarda da lamba da kwafin littafin sallama, ba ka rasa komai ba.

Sai dai ka tafi da haƙuri da guzuri. Akwai wani ofishi da na je sau uku, ranar farko mai makulli ya tafi jana'iza, ta biyu ba wuta kuma ɗakin duhu, ta uku anka kawo mini fayil ɗin da na cika takarda a kansa, ina buɗewa sai na ga bango ne kawai da igiya, cikin ya daɗe da tafiya. Ka riƙa zuwa da safe, ka gaida na ƙasa kafin na sama don su sunka san inda komai yake, kuma kada ka taɓa barin ainihin takardarku a hannun kowa ko da ya ce gobe ka dawo ka karɓa. Kwafi kawai.

Da ka fara tara abubuwa ka samu littafi guda ka raba shafi biyu, gefe ɗaya abin da ka gani a takarda da lambar fayil ɗin, ɗaya gefen abin da ka ji da sunan wanda ya faɗa maka da ranar. Kada ka gauraya su, kuma kada ka goge na baki don takarda ta saɓa masa, akawun ma mutum ne kuma sau da yawa shekarun haihuwa kallon fuska kawai ya yi ya rubuta. Littafin Kaka ya ce yana da shekara 20 lokacin ɗauka, gwaggo ta yi dariya ta ce lokacin yana da mata da ɗiya biyu kuma an riga an yaye na biyun. Na koma mata da taswirar da na ɗiga ma alama ina nuna mata ga kogin ga tsaunin, ta kalla ta ture ta gefe ta ce ita ba wannan ba, in binciko mata sunan wani abokinsa Bazabarme da yake yawan yi ma addu'a bayan sallar magariba, wanda ya ce shi ya ɗauke shi a baya ranar da zazzaɓi ya kayar da shi. Laƙabi kawai ta riƙe, ba lamba ba gari. Na sake tura ma yaron nan na Landan lambar fayil ɗin 1945, ya ce sai ya gama jarrabawa.